Fuskar amarya dishi-dishi, bango kuwa tar: laifin kyamara ne ko na mai ɗauka?

“Assalamu alaikum Baba. Daga Tawa nake rubuto maka. Kawuna da ya daɗe a Faransa ya bar mini wata ƙaramar kyamara ta fim, Contax T2, ya ce in riƙe ta da kyau don yanzu ba a ƙera irinta. Na sa mata fim biyu a bikin ƙanwata. Da aka wanko sai na ga kusan rabin hotunan fuskokin mutane sun yi dishi-dishi, amma bango ko iccen da ke bayansu ya fito tar. Abokina ya ce saitinta ne ya mutu, in sayar in nemi T3 ko Olympus mju II. Don Allah ka faɗa mini gaskiya, ta lalace ne? Kuma wacce ta fi fitar da hoto mai kyau a cikinsu?”

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa albarka a auren, ya ba su zaman lafiya. Tambaya biyu ka ƙunso mini a ganye ɗaya: ko kyamarar tana da ciwo, da kuma ko akwai wadda ta fi ta. Ta farkon ce mai nauyi, don in ka gane ta, ta biyun za ta yi sauƙi. Kuma tun kafin in yi nisa, ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: bango ya fito tar. Gilashin da ya fitar da bango tar lafiyarsa lau. Wani wuri dai aka saita shi, ba inda kake so ba. Aikinmu shi ne mu gano wa ya kai shi can, kai ko ita.

Ni a nan Yamai na fara wannan sana’a lokacin da hannu ke murza gilashi har hoto ya daidaita a tagar da ake leƙawa. Manyanmu irin su Philippe Koudjina, da ya ɗauki daren Yamai a shekarun 1960 da 1970, haka suka yi aikinsu, domin kyamara mai saita kanta ba ta shigo kasuwa ba sai a 1977, da Konica C35 AF. Wannan T2 taka a 1990 kamfanin Kyocera na Japan ya fito da ita, jikinta na ƙarfen titaniyom, gilashinta Carl Zeiss Sonnar milimita 38, ƙofar haskensa mafi buɗewa f/2.8. Ka ga ke nan ta haura shekara talatin. Tsohuwa ce mai daraja, kuma tsoho sai an san halinsa ake jin daɗin zama da shi.

Yadda take auna nisa

Waɗannan ƙananan kyamarori ba sa ganin fuska. Wayar da ke aljihunka tana gane ido da hanci ta bi su duk inda suka je, kuma ita ce ta ɓata mu duka. T2 wuri ɗaya tak take dubawa: ƴar alamar nan da ke tsakiyar taga. Daga ƙananan tagogin da ke saman gilashi take harba wani haske da idon mutum ba ya gani, infirared, ya bugi abin da ke gabanta ya dawo, ta lissafa nisa daga kusurwar da ya dawo. Abin da hasken ya buga, shi ne za ta saita a kai, ko amarya ce ko katanga.

To yanzu tuna yadda ake tsayuwa a hoton biki. Mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, kai kuma ka daidaita su a taga, ɗaya dama ɗaya hagu. Mene ne a tsakiya? Sararin da ke tsakanin kawunansu. Hasken ya bi ta nan ya wuce, ya je ya bugi bango mai nisan mita biyar, kyamara ta yi abin da aka umarce ta. Na taɓa yin wannan kuskuren a wani suna a unguwar Yantala, da wata ƙaramar kyamara irin wannan, ina sabon komawa kanta daga babba. Mai jego da surukarta na ɗauka, hoton da aka fi so a duk taron, sai ga labulen da ke bayansu ya fito har zarensa ana iya ƙirgawa, su kuwa kamar a cikin hazo. Ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba sai kaina. Na maida kuɗin mutane, na haɗiye kunyata.

Maganinsa a yatsa yake. Ka ɗora alamar tsakiya a kan fuskar mutum ɗaya, ka danna maɓalli rabi har koren haske ya tsaya a taga, ka riƙe shi haka, sannan ka karkata kyamarar ka tsara hoton yadda kake so, ka ƙarasa dannawa. Kada ka matsa gaba ko baya bayan ka riƙe, kada kuma ka sassauta yatsa, don da ka saki ta manta. Masu ɗokin biki sukan danna gaba ɗaya da bugu guda, kuma ina zargin haka ka yi, ga guɗa ga kiɗa ga ƴan uwa kowa na cewa a ɗauke shi.

Akwai abu na biyu da ya keɓanta da T2, kuma shi nake so ka fara dubawa yau ɗin nan. Ƴar ƙafar da ake murzawa a sama don kunna ta, ita ce kuma ta saitin hannu. Daga kashewa sai AF, wato inda take saita kanta, daga AF sai alamar nesa mai kama da takwas a kwance, daga nan sai lambobin mita har zuwa 0.7. In ka murza da ƙarfi ka zarce AF, ka faɗa kan nesa ke nan, kuma kyamarar ba za ta yi maka gardama ba: duk abin da ka ɗauka za ta saita shi can ƙarshen duniya. Mutum na kusa ya yi dishi-dishi, iccen da ke nesa ya fito tar. Ka ji ya yi kama da ciwon da ka kawo? Duba hotunan bisa jerin da aka ɗauke su. In marasa kyaun sun zo a jere, shida ko bakwai a lokaci ɗaya, sannan masu kyau suka biyo, to wannan ƙafar ce. In kuwa a warwatse suke, kuma yawancinsu na mutum biyu ne ko na mutumin da ke gefe, to zancen tsakiya ne.

Shi wannan haske na infirared yana da inda yake gwaninta da inda yake faɗuwa. Cikin duhu ba ya kuskure, don shi ke kawo fitilarsa. Amma gilashin mota ko na taga yana tare shi. Na je Kure kallon raƙuman dawa, na ɗauka ta cikin mota ban sauke gilashi ba don ƙura, na dawo da hoton gilashi. Ruwan kogi mai sheƙi yakan watsa shi, haka madubi, haka wani lokaci shadda mai ƙyalli da aka buga sosai ko mayafi mai duwatsu. A irin wannan wuri saita kan fuska ko wuya, ko ka koma saitin hannu ka ƙiyasta nisan da idonka. Kuma tagogin nan na gaba, in yatsa ya rufe su ko maiƙon hannu ya dusashe su, lissafin ya ɓaci. A biki an ci nama an sha miya, kowa kuma sai ya karɓi kyamara ya juya ta. Goge su da ƙyalle mai laushi.

Contax T3 da abokinka ke yabo, wadda ta fito a 2001, wata hanya take bi, ita da Ricoh GR1 da Minolta TC-1. Su ba sa harba komai, suna duba bambancin haske da duhu a jikin abin ne su gwada hotuna biyu har su haɗu. Gilashin mota ba ya ruɗa su. Amma ka ba su farin bango, ko farar riga ba aiki a jikinta, ko safiyar hunturu da hazo ya rufe gari har ba ka ganin tsallaken kogi, sai su yi ta kame-kame. Kowace hanya da ranar faɗuwarta, kuma dukansu in ka nuna musu sararin tsakanin kawuna ba za su san amarya kake nufi ba.

Me ya sa kuskuren ke fitowa fili haka

Ga wani lissafi da ya kamata ya zauna maka a kai. Gilashin milimita 38 a buɗe f/2.8, in ka saita a mita ɗaya, abin da zai fito tar bai wuce kaurin santimita 11 ba, wato faɗin tafin hannu. A mita biyu ya kai kusan rabin mita. In kuwa ka rufe ƙofar zuwa f/8 ka saita a mita biyun nan, daga mita ɗaya da rabi har kusan mita uku duk za su fito. Shi ya sa hoton rana a tsakar gida yake yafe kuskure, na cikin ɗakin amarya ko ƙarƙashin rumfa da la’asar ba ya yafewa. A T2 in ka bar zoben ƙofar haske a kan 2.8, kyamarar ce ke zaɓar ƙofa da kanta, kuma da haske ya ragu za ta buɗe ta duka. In kana waje kuma mutane sun yi sahu biyu, murza zoben da kanka zuwa 5.6 ko 8, ka saita a kan na sahun gaba.

Sai dai ka riƙa kallon lambobin da ke gefen taga, masu nuna saurin ƙiftawa. Da ka ga sun sauka zuwa 30, wato 1/30 na sakan, ko ƙasa, rawar hannu ta shigo, kuma mutane da yawa suna ɗaukar rawar hannu a matsayin ciwon saiti. Rarrabe su ba wuya. A kuskuren saiti akwai abin da ya fito tar a wani wuri cikin hoton. A rawar hannu babu, komai ya ja gefe ɗaya kamar an shafa shi da yatsa kafin ya bushe. Naka tun da bango ya fito, ba wannan ba ne, amma ka sani don gaba.

Gwajin tabarma

Ba zan iya rantse maka cewa kyamarar lafiya take ba alhali tana Tawa ina Yamai. Mai yiwuwa ta taɓa faɗuwa a hannun kawu, tagogin auna nisa suka goce kaɗan. Amma za ka iya ganowa da fim ɗaya, ba sai ka kai ta wurin kowa ba. Shimfiɗa tabarma a inuwa, inda haske bai yi yawa ba don ƙofar ta buɗe. Ɗora kyamarar a kan tebur ko turmi a kife a bakin tabarmar, yadda ba za ta motsa ba. Ajiye kwali mai faɗi, mai rubutu a jikinsa, a tsaye kan tabarmar a nisan mita ɗaya, ka auna da tef ɗin tela, ba da taku ba. Ɗauka sau biyu a AF, sau ɗaya da saitin hannu a lamba 1. Matsa da kwalin zuwa mita biyu, sannan uku, sannan biyar, ka maimaita. Yi amfani da agogon jinkiri don kada hannunka ya girgiza ta, kuma ka rubuta kowace ɗauka a takarda, don bayan mako biyu ba za ka tuna ba.

Amfanin tabarmar shi ne saƙarta tana nuna maka daidai inda saitin ya sauka. In layin da ya fito tar yana gindin kwalin, kyamara ta wanke kanta. In kullum yana bayan kwalin a AF amma a saitin hannu yana daidai, ma’aunin nisa ne ya goce. In duka biyun sun goce, injin da ke tura gilashi ne, kuma wannan babban aiki ne. Sa mata sabon batir kafin gwajin, CR123A take ci, ka nemi na kirki, don raunannen batir yana sa irin waɗannan kyamarori yin abin da ba a gane kansa.

Kuma kada ka yanke hukunci daga hoton da aka turo maka a WhatsApp, wanda aka matse har ya fita hayyacinsa. Karɓi negatif ɗinka, wato fim ɗin da aka wanke, ka ɗaga shi ga haske ka duba da madubin ƙara girma. Na taɓa kai fim wani wurin wanki, hotuna suka fito duk a dushe, na kwana ina tunanin gilashina ya mutu. Da na duba negatif sai na gan shi fes, injin sikan ɗinsu ne bai saitu ba. Alamar ita ce yashi-yashin fim: in ka ƙara girman hoton a kwamfuta ka ga ƙwayoyin nan a rarrabe amma fuska a dushe, daga kyamara ne. In ƙwayoyin su ma sun narke sun zama kunu, daga sikan ne.

Wacce ta fi kyau

Na riƙe da yawa daga cikinsu, wasu nawa, wasu na baƙi da suka kawo in duba musu. Gilashin T3, Sonnar milimita 35, ya ɗan fi na T2 kaifi a kusurwoyi in an buɗe duka, tana matsawa kusa har santimita 35 alhali taka sai 70, kuma ta fi ƙanƙanta. Wannan gaskiya ne. Amma a hoton santimita 10 da 15 da ake sa wa a albam, ko a fuskar waya, in na haɗa maka su biyu ba za ka ware ba, ni ma sai na yi sa’a. Ga tagar T2 ta fi girma da daɗin leƙawa, ga zoben ƙofa a inda yatsa ke nemansa. Don ɗaukar mutane, milimita 38 ɗin nan ya fi mini milimita 28 na Ricoh GR1 da Minolta TC-1, waɗanda suka fito a 1996. Su faɗi gare su, sun dace da kasuwa da filin kokawa, amma wanda ya tsaya a gefen hoto sai ka ga kansa ya miƙe kamar an ja shi. Abin da nake so a GR1 shi ne tana da wani saiti da ke kafe nisa a mita biyu, a f/8 daga mita ɗaya da ƴan kai har kusan biyar duk tar, ba jira. Kai ma kana iya yin irinsa da saitin hannu na T2.

Leica Minilux ta 1995 tana da gilashin milimita 40 f/2.4 da ke fitar da fatar mutum da kyau ƙwarai, sai dai tagarta kamar ramin allura, kuma masu ita a ko’ina sun san saƙon E02 da ke fitowa in siririyar wayar cikinta ta karye. Nikon 35Ti ta 1993, mai allurai a sama kamar agogo, ta fi su iya auna haske. Konica Hexar AF ita ce na fi amincewa da saitinta a duhu, amma ba ta shiga aljihu, kuma ƙiftawarta ba ta wuce 1/250, abin da ke takura mutum a ranar watan Afrilu irin tamu. Olympus mju II ta 1997 kuwa roba ce, mara nauyi, an rufe ta yadda yayyafi ba ya shiga, wanda ke ɗan taimakawa da ƙura. Gilashinta milimita 35 f/2.8 ba abin rainawa ba ne. Amma ba ta barinka ka zaɓi ƙofa, tana son buɗewa sosai ko da akwai haske, kuma duk lokacin da ka rufe murfinta ka buɗe, filashi ya koma kunna kansa. Wanda ya bar T2 ya koma kanta don neman saiti mai kyau, ya saki reshe ya kama ganye.

Abin da ya fi sunan gilashi tasiri a hotonmu na nan shi ne haske da lafiyar fim. Baƙar fuska cikin farar babbar riga, da rana tsaka, ma’aunin haske yana ganin farin ya rage, fuska ta nutse. T2 tana da ƴar ƙafar ƙara haske ko ragewa har mataki biyu. Ƙara mataki ɗaya a irin wannan hali, ko ma dai ka ja mutanen zuwa inuwa. Fim mai launi yana jure ƙarin haske fiye da ƙarancinsa. Da rana Kodak Gold 200 ko Ektar 100 sun isa, tun da ƙiftawar T2 a 1/500 ta tsaya. Mai lamba 400 bar shi don rumfa da yamma. Fim kuma ba ya shiri da zafi: wanda ya yi wata uku a kanta ko ya yini a cikin mota a rana, launinsa zai juya, ƙwayoyinsa su yi kauri, ka zaci gilashi ne. A firiji nake ajiye nawa cikin leda a ɗaure, in fito da shi awa biyu kafin in buɗe don kada ya yi gumi.

Don haka ni dai ban ba ka shawarar sayarwa ba. Kyocera ta daina ƙera Contax tun 2005, kayan gyara sai dai a ciro daga wata matacciya, kuma wannan ya shafi T3 kamar yadda ya shafi taka. In ka sayar da wadda ka san daga hannun da ta fito, ka sayi wadda ba ka san tarihinta ba daga wata ƙasa, da kuɗi masu yawa, ba ka rage haɗari ba. Ni kaina ba na buɗe cikin waɗannan. Ina goge tagogi, ina tsabtace wurin batir, ina duba gilashi da tocila ko akwai hazo ko fumfuna a ciki, amma abin da ya shafi siraran wayoyin nan da injin gilashi na bar wa masu kayan aikinsa, kuma kada ka yarda mai gyaran waya ya ce zai gwada.

Babban abokin gabarta a yankinku na Adar ƙura ce. Gilashinta yana fitowa ya koma duk lokacin da aka kunna aka kashe, kuma kowace komawa tana jan abin da ya sauka a kansa zuwa ciki. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, kada ka rataya ta a wuya a kunne. Ɗauka, share wuyan gilashin da burushi mai laushi, kashe, mayar cikin jaka. Kada ka hura da baki. In za ta daɗe a ajiye, cire batir.

Yi gwajin tabarmar da fim mai araha. In an wanko, yanko mini negatif ɗin tare da takardar da ka rubuta, da guda huɗu ko biyar daga na bikin, marasa kyaun da masu kyaun, ka sa a ambulan tsakanin kwali biyu don kada su lanƙwashe. Duk wanda zai taso Yamai ta Konni ya riƙo mini. Ka gaida kawu, ka tambaye shi kuma ko ta taɓa faɗuwa a hannunsa.